Wa Ke Biyan Kuɗin Hotunanmu a Ayislan?

Akwai wani irin bidiyo da ya cika wayoyinmu a 'yan shekarun nan, kuma duk mai leƙa Instagram ko TikTok ya taɓa cin karo da shi. Farar mota ce a kan baƙar kwalta, ba kowa a gaba ba kowa a baya, tsauni a hagu, teku a dama, ga ruwa yana zubowa daga kan dutse kamar an zazzage buhun auduga. Sai wata murya mai sanyi ta ce maka ka daina jiran gobe, ka goya jakarka, ka zagaye ƙasar Ayislan cikin kwana bakwai, wai a can ne za ka san abin da ake kira 'yanci. Mun kalla, mun haɗiyi yawu. Mu huɗu da karatu ya haɗa a wani birni na arewacin Turai muka yi adashin wata shida, muka hau jirgi a watan Yuni, muka ɗauki hayar mota, muka yi zagayen cikin kwana takwas. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauka hassadar wanda bai je ba ce ke magana. Duk dutsen da za mu jefa a rubutun nan, a kanmu zai fara sauka.

Abin da muke cewa shi ne, wannan salon tafiya na kewaye ƙasa guda a guje da kyamara a hannu, ciniki ne da aka gina a kan alkawura uku: wai 'yanci ne, wai arha ne, wai kuma za ka dawo ka san ƙasar. Na ukun ƙarya ce tsagwaronta. Na biyun yana zama gaskiya ne kawai idan ba a ƙirga abin da wasu ke biya a madadinka ba. Na farkon kuwa za mu zo kansa.

Ga wanda bai sani ba, Ayislan tsibiri ne can a arewacin tekun Atlantika, tsakanin Norway da Girinlan. Faɗin ƙasar ya kai murabba'in kilomita 103,000, amma mutanenta duka ba su cika 400,000 ba, kuma kusan biyu bisa ukunsu suna zaune ne a babban birnin, Reykjavik, da kewayensa. Tsakiyar ƙasar hamadar duwatsu ce da ƙanƙara, ba mai zama a can. Garuruwa da gonaki suna gefe-gefe ne kusa da teku, sai aka yi hanya ɗaya da ta ɗinke mafi yawansu, Hanya Mai Lamba 1, wadda su suke kira Hringvegur, wato hanyar zobe. Tsawonta ya ɗara kilomita 1,300.

Ba don baƙi aka yi ta ba. Sai a 1974 aka rufe bakin zoben, lokacin da aka gama gadar kogin Skeidara a kudu maso gabas, kogin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙanƙarar Vatnajokull ya bazu a kan yashi, yana sauya hanya yadda ya ga dama. Kafin wannan gada, mutumin da ke zaune a gabashin yashin nan, in yana son zuwa Reykjavik da mota, sai ya bi ta arewa ya kewaye kusan ƙasar gaba ɗaya. Hanyar likita ce, da motar madara, da ta kifi, da ta 'yan makaranta. A 1996 wani dutse ya yi aman wuta a ƙarƙashin ƙanƙarar, ruwan da ya narke ya ɓalle ya tafi da gada guda ya kuma lalata wata, kuma har yanzu lanƙwasassun ƙarafan gadar suna nan a gefen hanya, an bar su don tunawa. Mun tsaya a wurin. Mun hau kansu mun ɗauki hoto. Sai bayan mun koma gida muka san ko mene ne su.

Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Da ratse-ratsen da kowa ke yi don ganin wannan da wancan, agogon motarmu ya nuna mun ci fiye da kilomita 2,000 a kwana takwas. Iyakar gudun da doka ta yarda da shi kilomita 90 ne a sa'a a kan kwalta, 80 a kan burji, ga gadoji masu ɗaukar mota ɗaya kacal da sai ka jira na gabanka ya wuce, ga tumaki da ake saki su yi kiwon kansu duk lokacin zafi, uwa a wannan gefen hanya ɗanta a wancan. Kullum sai mun yi sa'a huɗu zuwa biyar a zaune cikin mota. A watan Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai dab da sha biyun dare, ko ta faɗi ma duhu ba ya zuwa, don haka babu abin da zai ce maka ya isa haka, ka tsaya. Tsarin kowace tsayawa ɗaya ne: a ajiye mota, a fita, a bi sahun mutane, a jira wanda ke tsaye a daidai wurin ya matsa, a ɗauka, a koma. Minti ashirin ya yi yawa. Zuwa rana ta huɗu mun fara musu a kan wane ruwa muka gani jiya da wanda muka gani shekaranjiya, sai an buɗe waya ake raba gardama.

An ce gani ya kori ji. To mu tun kafin mu tashi mun riga mun ga komai, a wayar wasu. Jerin wuraren da muka rubuta daga hotunan mutane muka tsamo shi, kuma abin da muka je yi shi ne mu tabbatar wa kanmu cewa hoton gaskiya ne, sannan mu sake ɗaukar irinsa da fuskarmu a ciki. Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai hoto ya san labulen nan da ake rataye wa a bango, mai zanen bene ko lambu, a tsaya gabansa a gyara hula. Haka muka mayar da ƙasar mutane.

Ga misalin abin da gudun ya cinye mana. A ranar farko, kilomita ɗari da 'yan kai daga Reykjavik, mun tsaya a garin Hvolsvollur don shan mai kawai, muka wuce muna sauri mu kai ga ruwan Seljalandsfoss. Ashe wannan yanki shi ne dandalin Labarin Njal, wanda aka rubuta a ƙarni na 13, kuma da yawa ke ɗauka a matsayin gwarzo cikin tsofaffin labaran ƙasar da ake kira saga. A cikinsa akwai jarumi Gunnar, wanda aka yanke wa hukuncin barin ƙasa na shekara uku. Ya kama hanyar zuwa jirgin ruwa, dokinsa ya yi tuntuɓe, ya sauko, ya waiga ya hangi gangaren da gidansa yake, kyan wurin ya kama shi, ya fasa tafiya, alhali ya san komawa na nufin mutuwa. Haka kuwa aka yi, abokan gaba suka ritsa shi a gida suka kashe shi. Abin lura, abin da ya ambata cikin kyan da ya gani gonakin hatsi ne da filayen da aka yanke wa ciyawa, wato wurin da ya zubar wa gumi. Gidan Gunnar a Hlidarendi da na abokinsa Njal a Bergthorshvoll, inda aka ƙona shi da iyalinsa, duk wurare ne da ke nan har gobe, kowanne bai kai tafiyar rabin sa'a daga gidan man da muka tsaya ba. Mutanen ƙasar na yau suna iya karanta labaran nan a harshen da aka rubuta su shekara ɗari bakwai da suka wuce, don harshen bai yi nisa da asalinsa ba. Mu kuwa abin da muka sani game da harshen shi ne barkwancin da kowane baƙo ke yi, wai sunayen wurarensu ba sa faɗuwa. Eyjafjallajokull na nufin ƙanƙarar tsaunukan tsibirai. Reykjavik na nufin mashigin hayaƙi, saboda tururin da ke tashi daga maɓuɓɓugan ruwan zafi. Mu da muke ɓata rai idan Bature ya kasa furta ƙ da ɗ a sunayenmu, mun yi kwana takwas muna dariyar na wasu.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne, wannan kowa ya sani, kuma in da asarar ta tsaya a kan matafiyi shi kaɗai da mun ce kuɗinsa ne, ya yi yadda ya so. Ba a nan ta tsaya ba.

Wadda ke fara biya ita ce gansakuka. A kudancin ƙasar hanyar ta ratsa wani makeken fili mai suna Eldhraun, narkakken dutse ne da ya malalo ya daskare lokacin aman wutar Laki na 1783, bala'in da gubarsa ta kashe dabbobi, yunwar da ta biyo baya kuma ta tafi da kusan ɗaya bisa biyar na mutanen ƙasar. A cikin shekara ɗari biyu da wani abu, gansakuka ta lulluɓe duwatsun nan da kauri, launinta tsakanin kore da toka, laushinta ya fi na katifa. Girmanta a hankali yake ƙwarai a wannan sanyi, inda aka taka ta ta mutu sai an yi gomman shekaru kafin ta farfaɗo, shatin tayar mota kuwa yana iya rayuwa fiye da direban. Shi ya sa tuƙi a wajen hanya laifi ne a dokar ƙasar, ana cin tara mai nauyi. A 2015 an samu wasu masu kwana a tanti a Thingvellir sun ɓamɓare gansakuka sun toshe gefen tantinsu da ita don maganin sanyi, a wurin da majalisar ƙasar ta fara zama tun shekarar 930, wurin da aka ayyana jamhuriya a 1944. A 2019 wani ɗan Rasha mai ɗimbin mabiya a Instagram ya bar hanya ya kutsa da mota kusa da tafkin Myvatn, ya maƙale, aka ci shi tara, hoton kuma ya riga ya sa shi a shafinsa. Muna iya yi musu tsaki, amma a Eldhraun akwai igiya da aka ja don nuna inda ƙafa za ta tsaya, kuma ɗayanmu ya tsallake ta ya kwanta rigingine, sauran ukun muka ɗauka. Hoton ya yi kyau. Shi ne ya fi samun masu yabo cikin duk waɗanda muka sa.

Kusa da filin nan akwai kwazazzabon Fjadrargljufur, zurfinsa wajen mita 100, tsawonsa wajen kilomita 2, wanda a da ba kasafai baƙi ke zuwa ba. A 2015 mawaƙin nan Justin Bieber ya ɗauki bidiyon waƙa a can, yana tsalle-tsalle a bakin ramin. Cikin 'yan shekaru ƙafafun masu bin sawunsa suka mayar da ciyawar gefen kwazazzabon taɓo, har hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta rufe wurin na wasu watanni a 2019 don ƙasa ta huta. An ja igiya, an kafa allo, wasu suka riƙa tsallakewa.

Sai manomi. Tsohuwar al'adar ƙasar ta bar matafiyi mai tafiya a ƙafa ya kafa tanti ya kwana guda a filin da ba a noma ba, al'adar da aka yi domin mutum ɗaya da dare ya riska. Da motocin kwana, masu gado da murhu a ciki amma babu banɗaki, suka zama dubbai, sai manoma suka fara wayar gari suna tsintar abin da ba a faɗa a bayan rumbunan ciyawarsu. A 2015 aka gyara doka, aka hana kwana cikin irin motocin nan sai a zangon da aka tanada ko da izinin mai fili. Har yau za ka ga masu ba da shawara a intanet suna koya wa mutane dabarun laɓewa don kauce wa kuɗin zango, suna kiran wannan wayo. A garin wa ake yin haka? Baƙon da ya shigo gidanka ya ƙi makewayin da ka nuna masa don kada ya ba da ɗan abin gyara, ya zagaya bayan ɗakinka, da wane suna za ka kira shi?

Waɗanda suka fi ba mu kunya su ne 'yan ceto. Ayislan ba ta da rundunar soja. Idan mutum ya ɓata a tsauni, ko motarsa ta nutse a kogi, ko guguwar ƙanƙara ta rufe shi a hanya, aka kira lamba 112, waɗanda ke fita 'yan sa-kai ne na ƙungiyar Landsbjorg: makanikai, malaman makaranta, masunta, manoma, mutanen da ke ajiye aikinsu ko su tashi daga barci ba tare da albashi ba. Babban abin da ke riƙe ƙungiyar shi ne cinikin kayan wasan wuta da suke yi a ƙarshen kowace shekara, wato 'yan ƙasa ne ke saye don a samu kuɗin igiya da man mota. An kafa wannan tsari ne domin masunta da makiyayan da larura ta fitar, yanzu kuma an ɗora masa baƙi miliyoyi, cikinsu har da wanda ya ga allon rufe hanya ya kewaye shi saboda jadawalinsa bai ba shi damar jira ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: wani ya kwana a cikin sanyi yana nema, wani ya samu labarin da zai ba mabiyansa.

Ba kullum ake samun wanda aka je nema da rai ba. A bakin tekun Reynisfjara mai baƙin yashi, kusa da ƙauyen Vik, teku kan yi lamo sannan ta turo igiyar ruwa guda da ta zarce sauran nesa, kuma ta ja mutane da dama ta tafi da su, har aka kafa fitilun gargaɗi. Ran da muka je mun ga mutane sun juya wa tekun baya, don ta haka ne take fitowa a hoto. A yashin Solheimasandur akwai gawar wani jirgin sojan ruwan Amurka da ya yi saukar dole a 1973. Masu filin sun hana shiga da mota a 2016 saboda ɓarnar da ake yi, a lokacin sai dai a taka wajen kilomita 4 a fili fetal, babu bishiya babu mafaka. A watan Janairun 2020 an tsinci gawar wasu matasa biyu 'yan Sin kusa da jirgin bayan wata guguwa. Wani ne ya ɗauko su, wani ne ya kira iyayensu.

Za a ce mana, kuma da gaskiyar mai faɗa, ai su suka gayyato baƙin. A watan Oktoban 2008 manyan bankunan ƙasar uku suka durƙushe cikin mako guda, darajar kuɗinsu krona ta faɗi warwas. A 2010 tokar Eyjafjallajokull ta tsayar da jiragen saman Turai na kwanaki, sunan ƙasar ya shiga kowane gida, gwamnati da 'yan kasuwa suka yi amfani da damar suka zuba kuɗi a talla. A wannan shekara baƙi ba su kai 500,000 ba. Zuwa 2018 sun kai miliyan 2.3, ninki shida na 'yan ƙasa, kuma yawon buɗe ido ya zarce kifi wajen kawo kuɗin waje. Ƙauyukan da matasa ke gudu sun samu masauki da wuraren cin abinci. Gaskiya ne kuma cewa hukumomi sun yi nawa wajen gina banɗakuna da wuraren ajiye mota, suka kira biki ba su tanadi tabarmi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ba mu wanke su ba.

Sai dai hujjar kuɗi ta fi rauni ne a daidai kan irin tafiyarmu. Mun shigo da taliyar leda da gwangwanayen kifi tun daga inda muka taso, don an gaya mana abinci na da tsada, kuma yana da ita. Kuɗinmu ya tafi ne ga kamfanin jirgi, da kamfanin hayar mota, da gidajen mai. Ƙauyukan da muka ratsa, rabonsu shi ne ƙurarmu da sharar da muka cusa a kwandon gidan mai. A Reykjavik kuma gidajen da ya kamata 'yan gari su kama haya sun koma masaukin kwana biyu-biyu ta hanyar Airbnb, har sai da wata doka ta fara aiki a 2017 da ta taƙaita irin wannan haya zuwa kwana 90 a shekara ga wanda ba shi da lasisin masauki. Yawancin waɗanda suka miƙo mana canji ko makulli baƙi ne irinmu da suka zo neman abinci, 'yan Poland sun fi yawa a cikinsu. Mun yi mako guda muna zagaye ƙasa, da ƙyar muka yi magana da ɗan ƙasar da ta wuce ta gaisuwa.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba mu ce mai ƙaramin ƙarfi ya zauna a gida a bar wa masu hannu da shuni duniya ba. Attajirin da babban jirgin ruwa ke saukewa a ƙaramin gari na sa'a shida, ya ci ya sha a cikin jirgi ya koma, bai fi ɗan jakar goyo amfani ga kowa ba. Da gudu muke faɗa. Kuɗin man da muka ƙona a kilomita 2,000 ya isa ya biya mana zango da abincin gari na kwana takwas a yanki ɗaya, mu taka da ƙafa, mu shiga bas. Kuma akwai abin da ya kamata ya sa mai ƙona man ya ɗan yi shiru. Tafkin Jokulsarlon, inda gutsattsarin ƙanƙara masu shuɗi ke yawo a kan ruwa, wanda kusan shi ne hoton da aka fi ɗauka a ƙasar, babu shi kafin shekarun 1930. Ja da bayan da ƙanƙarar ke yi ne ya haife shi, kuma yana ƙara faɗi ne gwargwadon yadda take narkewa. A 2019 mutanen ƙasar sun hau wani tsauni sun kafa allon tunawa da ƙanƙarar Ok, wadda masana suka tabbatar ta ƙare tun 2014.

Mu dawo kan 'yancin. Ba mu taɓa zama bayin agogo kamar a kwanakin nan takwas ba. An kama zango tun wata biyu kafin tafiya, ranar mayar da mota a rubuce take da tarar makara, duk wanda ya daɗe a banɗaki sai an yi masa hon. Wannan ke nan ga mu da takardar zaman karatu ta buɗe wa ƙofa. Ayislan ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Schengen, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar da ke kallon bidiyon daga Kano ko Maraɗi sai ya nemi biza: kuɗin nema Yuro 90 da ba a mayarwa ko an hana shi, bayanan asusun banki, inshora, shaidar masaukin kowane dare, tikitin dawowa. Wato shi dole ne ya rubuta inda zai kwana kafin a bar shi ya je ya yi yawon da aka ce masa ba shi da tsari. Mai muryar nan da ke cewa ka goya jaka kawai ka tafi bai taɓa tsayawa a layin biza ba, kuma bai ga dalilin ambatonsa ba.

Abin da ya sa muka kawo maganar nan mujallar adabi shi ne, mun fara ganin 'yan'uwanmu masu fita waje suna dawowa da irin wannan rubutu da Hausa: hoto goma, layi biyu na yabon kyan wuri, sai jerin farashi. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo da abin da ya cika littafi, ya sa masa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mu mun dawo da hoto sama da 3,000, da muka zauna mu huɗu don mu haɗa labarin tafiyar, abin da muka iya tunawa da bakinmu bai cika shafi biyu ba. Shafi ɗaya da rabi a ciki kuwa labarin rana guda ne, ranar da tafiyar ta lalace.

A gabashin ƙasar ne, ranar Lahadi. Taya ta fashe mana a kan burji, ta safiyar da ke cikin but kuma 'yar siririya ce da ba ta tafiya mai nisa, muka lallaɓa zuwa wani ƙaramin garin masunta da ke cikin mashigin teku tsakanin tsaunuka biyu. Gareji a rufe sai Litinin. Muka yi ta ƙunƙuni, jadawali ya rushe. Da rashin abin yi ya ishe mu muka gangara bakin tashar jiragen ruwa, inda wani dattijo ke kwance igiya. Shi ya fara yi mana magana da Turanci, ya tambaye mu daga ina, muka faɗa, ya ce a ƙuruciyarsa ya yi aikin shanya kifin da ake kaiwa Najeriya. Ashe busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake sayarwa a kasuwanninmu, wani daga cikinsa daga irin waɗannan garuruwa yake fitowa. Ya ba mu labarin wani ƙaramin kifi mai tafiya garke-garke da suke kira sild, yadda ya cika tekunsu har garuruwan gabas suka tumbatsa da ma'aikata da kuɗi, aka yi ta kamu ba ƙaƙƙautawa, sannan a ƙarshen shekarun 1960 ya ɓace, masana'antu suka zama kango. Ya ce shi duk lokacin da ya ga jerin fararen motocin haya, kifin nan yake tunawa, kuma da kamfanin jiragen WOW mai arha ya rushe a watan Maris na 2019 baƙi suka ragu, bai yi mamaki ba. Ya yi shekaru cikin 'yan ceto kafin gwiwa ta hana shi. Muka tambaye shi me ya fi ba shi haushi game da baƙi. Ya ce shi haushi ba ya ji, abin da ke ɗaure masa kai shi ne yadda mutum zai zo daga nesa haka, a gaya masa iska na zuwa, ya duba wayarsa ya ce ai yana da wurin da zai kai kafin dare. Ya kai mu gidansa, matarsa ta ba mu kofi da busasshen kifi da man shanu, muka zauna har wajen sha ɗaya, rana tana nan a kan tsauni. Da safe aka gyara taya, muka ninka gudu don mu cike gurbin ranar da muka ce mun yi asara.

Makon jiya wani ƙaninmu da ke karatu a Jamus ya aiko yana neman jadawalin da muka bi. Muka tura masa sunan yanki ɗaya a gabas, da lamba 112, da shawarar ya riƙa duba hasashen iska kowace safiya, da sunan Halldor Laxness, marubucin ƙasar da ya ci kyautar Nobel a 1955, muka ce ya nemi littafinsa a kan Bjartur, makiyayin tumakin nan mai taurin kai, ya karanta a jirgi. Ya amsa da godiya. Ya ce amma kwana biyar kacal gare shi, kuma yana so ya zagaye duka.